Gaisuwar Auta

Abin da na fara gani da na shiga gidan Kawu a Batsari shi ne ƙwallayen tsamiya guda takwas, an jera su a ƙasa gefen randa, tsakanin kowane da ɗan'uwansa kamar faɗin yatsu biyu. Saura kaɗan in taka su, ga ƙullin kayana a kai. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta riƙo hannuna da sauri ta zagaye da ni. Ta ce in kula, na Auta ne, idan aka taɓa su yau babu wanda zai sha ruwa cikin kwanciyar hankali a gidan nan.

Shekaruna goma sha uku a lokacin. Makarantarmu ta Ruma ta daɗe a rufe saboda 'yan bindiga, shi ya sa mahaifiyata ta roƙi yayanta ya riƙe ni in ci gaba da karatu a gari. Gidan ba shi da mutane da yawa. Kawu yana sayar da hatsi a kasuwa, manyan 'ya'yansa duk sun yi aure, saura Auta, ɗiyarsa ta ƙarshe, mai shekara bakwai. Sai kakanmu, mahaifin Kawu da mahaifiyata, wanda ɗakinsa ke kusa da zaure. Ya koyar da karatun allo shekara da shekaru. Idonsa ya fara rauni, bakinsa kuwa yana nan daram.

Auta ba ta kalle ni ba ranar, ba ta kalle ni ba washegari. Ba ta kallon idon kowa. Inna ta ce da tana ƙarama maƙwabta har yabon ta suke yi, wai yarinya mai kunya, tun ba ta kai ko'ina ba ta san ta sunkuyar da kai gaban manya. Sai da ta wuce shekara huɗu aka gane ba kunya ba ce. Tana magana, amma yawanci maimaita abin da ta ji take yi, da muryar mai maganar. Tana cin tuwo a kwano ɗaya tak, wani kore mai ɓantaren baki. Idan aka kunna injin niƙa a layin bayanmu sai ta toshe kunnuwa ta riƙa rausaya gaba da baya. A Islamiyya babu wanda ya taɓa damuwa da wannan rausayar, don duk yara haka suke yi idan suna biya karatu, kuma haddarta ta fi ta 'yan ajinsu. Boko kuwa ba a taɓa sa ta ba.

Abin da ya fi damun gidan shi ne gaisuwar safe. Al'adar gidan ce, bayan an idar da sallah an share tsakar gida, kowa ya je ya durƙusa ƙofar ɗakin Kaka. Inna takan jawo Auta har can. Auta takan durƙusa, ta buɗe baki ta ce ina kwana, daga nan sai komai ya lalace. Ta kurma ihu, ta bugi cinyarta da hannu, ta ruga bayan garken awaki. Kullum haka. Ba ta yi wa Kawu, ba ta yi wa baƙi, Kaka kaɗai take yi wa.

Mutanen unguwa sun daɗe da yanke hukunci. Sun ce iska ce a jikinta, kuma iskar ba ta iya tsayawa gaban mutumin da ya cika ƙirjinsa da Alƙur'ani, shi ya sa take firgita idan an kai ta wurin tsohon. An yi tofi, an yi rubutu, an yi hayaƙi har Auta ta daina shiga ɗakin Inna na kwana biyu. Sati uku da zuwana na ji Kawu yana gaya wa Inna cewa ya gama magana da wani mai magani a wani ƙauye can wajen Tsaskiya, a ƙasar Safana. Za a kai Auta a bar ta wurinsa kwana arba'in. Da zarar ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe yadda babur zai bi, za su tafi. Inna ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe.

Ni ba mai magana ba ce. A aji, ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma ina da wata ɗabi'a tun a Ruma, ina rubuta ƙananan abubuwan da na gani a shafukan ƙarshe na littattafaina. A Batsari kusan duk abin da na rubuta na Auta ne. Cewa tana jin ƙarar babur ɗin Kawu tun yana kwanar masallaci, kafin kowa ya ji. Cewa idan aka rungume ta tana sandarewa, amma idan ta jingina bayanta da bango tana lafawa. Cewa idan Inna ta yi kuka, Auta ba ta kallon fuskarta, sai dai ta ɗauko koren kwanonta ta ajiye mata a gefen ƙafa.

Na manta na miƙa littafin kimiyya da rubutun a ciki. Malamarmu ta kira ni ofis bayan tashi, na shiga ina zaton bulala ce. Ta tambaye ni wace ce wannan yarinyar. Na gaya mata ina kallon takalmana. Ta ce akwai wata likitar yara da kan zo asibiti daga Katsina lokaci zuwa lokaci, kuma za ta zo cikin satin. Ta rubuta wa Kawu 'yar takarda, ta yage shafukan nan a hankali ta ce in tafi da su. Kawu ya karanta takardar ya ce a je, ba laifi, amma maganar Tsaskiya tana nan.

Muka je ni da Inna da Auta. Likitar ba ta taɓa Auta ba ko sau ɗaya. Ta bar ta ta zauna ƙasa kusa da bango tana jera murafan alƙalami, ita kuma tana ta yi wa Inna tambayoyi, tun daga goyo har yau. Ta karanta shafukana duka, har da inda na yi kuskuren rubutu na goge. Sannan ta ce abin da Auta ke da shi suna kiransa otizim, wasu kuma a rediyo suna cewa galahanga. Ta ce ba hauka ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma da shi ake haihuwar yaro.

Ta ɗauki takarda ta zana kai, ta yi ɗigo-ɗigo a ciki, ta haɗa su da layuka. Ta ce ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce, sassa ne da yawa masu aika wa juna saƙo, kamar ƙauyuka da hanyoyin da ke tsakaninsu. Akwai rukunin hanyoyin da ke aiki tare idan mutum ya kalli fuska, ya ji yadda murya ta hau ko ta sauka, ya gane cewa wannan wasa ake yi masa, wancan kuma faɗa ne. Mu wannan aikin yana faruwa ba tare da mun sani ba. A yara irin Auta hanyoyin nan an shimfiɗa su daban, saƙon yakan iso a makare, ko ya iso gaba ɗaya a cakuɗe. Akwai kuma wani rukunin da ke kewayawa tsakanin gaban ƙwaƙwalwa da can cikinta, shi ke kula da abin da mutum ya saba yi yana sakewa. Ta ce a wurin Auta wannan ya zama kamar burtalin da shanu suka daɗe suna bi, ya yi zurfi, ƙafa ba ta son fita daga cikinsa. Idan abu ya zo yadda ta san zai zo, hankalinta yakan kwanta. Idan ya sauya ba zato, takan ji kamar ƙasa ta zame mata.

Inna ta tambaya ko akwai allura. Likitar ta ce babu allurar da ke sauya hanyoyin nan, kuma su kansu likitoci ba su gama sanin yadda abin yake ba, kowane yaro da nasa. Amma yaro yana koyo, idan aka bi da shi ta inda yake ganewa. Ta ce raba ta da gida kwana arba'in a kai ta inda ba ta san komai ba zai iya mayar da ita baya ƙwarai.

Da yamma Inna ta mayar wa Kawu da duk abin da aka ce, har ta nuna masa zanen. Ya duba ya juya takardar. Ya ce ya ji, likita ta yi karatu. Amma idan hanyoyi ne a cikin kai, me ya sa hanyoyin ba sa toshewa sai a gaban Baba? Ya ce a ba shi amsar wannan tukuna. Ruwa kuwa ya fara ja baya, gero ya sunkuya, masu babur sun fara cewa hanyar Safana ta yi dama. Kawu ya sa ranar Asabar ta sama.

Daga ranar na daina kallon Auta a lokacin gaisuwa, na koma kallon Kaka. Abin yana gabanmu kullum, sabo ne ya hana mu gani. Kaka bai taɓa amsa gaisuwar jika yadda ake amsawa ba. Tsakanin kaka da jika ai wasa ne, kuma shi gwani ne. Idan na ce masa ina kwana, sai ya ce ina zai kwana, 'yar Ruma ta zo ta cinye masa hatsi. Idan Auta ta ce ina kwana, yau ya ce bai kwana ba, amaryarsa ta bar shi da yunwa. Gobe ya ce wace ce wannan mummunar, a kore ta. Jibi ya yi kamar yana kuka. Kuma kowane lokaci sai ya miƙo hannu ya ja kumatunta, don ba ya ganin ta sosai sai ya taɓa. Kawu kuwa, da baƙi, lafiya lau suke cewa su wuce.

Ranar Talata na bi Auta bayan garken awaki, inda takan kai ƙwallayen tsamiyarta bayan ta gama ihu. Na tsaya jikin katanga ban yi motsi ba. Ta jera su takwas. Ta ɗora yatsa kan na farko ta ce ina kwana, da muryarta, sannan ta amsa wa kanta lafiya lau da murya mai kauri irin ta tsoho. Ta matsa kan na biyu, an tashi lafiya, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya jiki, da sauƙi. Ya ruwa, ruwa ya yi gyara. Ya ibada, alhamdu lillahi. To madalla, madalla. Bakwai ke nan. A kan na takwas muryar tsohon ce ta fara, ita kuma ta amsa, na toshe bakina don kada dariya ta fito. Ta tattara su ta sake daga farko. Sau biyar na ƙirga.

Ashe ta iya gaisuwar tsaf. Kullum da ita take zuwa ƙofar Kaka, a shirye, shi kuma ya rushe mata ita tun daga kalmar farko.

Sanin abin bai yi mini wuya kamar faɗarsa ba. Yaya zan ce wa tsohon da gari ke girmamawa shi ne sanadi? Na kwana biyu ina juya maganar. Ranar Alhamis da hantsi na kai masa kunu, na ajiye, na ƙi tashi. Na tuna cewa jika tana da izinin faɗa wa kakanta abin da ɗansa ba zai iya ba. Izinin nan nawa ne tun haihuwa, ban dai taɓa amfani da shi ba.

Na ce, "Tsoho, bakinka ne ya yi yawa."

Ya ajiye ludayi. "A'a, 'yar Ruma, ashe kina da harshe? Na ɗauka 'yan bindiga sun tafi da shi."

"Ba iska ke tsoron ka ba. Auta ce ba ta gane wasanka. Idan ka ce a kore ta, ita ta ɗauka korar ta za a yi."

Na gaya masa komai, har da ƙwallayen tsamiya da muryarsa da take kwaikwayo. Na ce gobe ya amsa mata yadda kowa ke amsawa, ɗaya bayan ɗaya, kada ya ƙara kada ya rage, kuma kada ya taɓa ta. Ya daɗe yana jan carbi. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. Ya ce shekara uku yana zaton yarinyar nan ƙin sa take yi, yana ƙara wasan ne don ta saki jiki da shi. Sai kuma ya gyara zama ya ce wato yanzu shi da ya koyar da rabin garin nan, 'yar ƙauye za ta koya masa ina kwana. Na ce ƙwarai. Muka biya sau uku, ni ce Auta. Sau biyu yana kaucewa.

Ranar Juma'a ya zauna a kan hannuwansa don kada su miƙe da kansu. Auta ta durƙusa, kafaɗunta a ɗage, tana jiran abin da ta saba. Ta ce ina kwana. Ya ce lafiya lau. Ta yi tsit. Na ga yatsanta ya sauka kan tabarma, ya matsa kaɗan. An tashi lafiya. Lafiya lau. Ina gajiya. Nan tsohon ya manta, ya ce gajiya ta bi lafiya. Auta ta tsaya, ta fara rausaya, ta miƙe ta tafi bayan garke. Amma ba ta yi ihu ba. Inna, da ke tsaye da tsintsiya, ta kalle ni. Kaka ya ce laifinsa ne, a ba shi gobe.

Goben ita ce Asabar. Tun da sassafe mai babur ya iso, yana zaure yana jira. Inna ta ɗaure kayan Auta a ɗankwali, ta sa koren kwanon a sama. Kaka ya aika a kira Kawu, ya ce ya tsaya nan ya ga jikarsa ta yi masa sallama, kuma kada kowa ya yi tari.

Auta ta durƙusa. Ina kwana, lafiya lau. An tashi lafiya, lafiya lau. Ina gajiya. Kaka ya ce ba gajiya, da ƙarfi, kamar yaron da ke ba da hadda. Ya jiki, da sauƙi. Ya ruwa, ruwa ya yi gyara, ko da yake ruwan ya ɗauke. Ya ibada, alhamdu lillahi. To madalla, madalla. Kafaɗunta sun sauka. Kowa ya ɗauka an gama, amma ba ta tashi ba. Yatsanta yana kan tabarma, a wuri na takwas, tana jira. Na matsa kusa da kunnen Kaka na ce yanzu ya tambaye ta tuwonsa.

Ya ce, "Amaryata, ina tuwona?"

Auta ta amsa tana kallon ƙasa, muryarta a miƙe ba hawa ba sauka, "Tsoho mai furfura, sai ka sayo haƙora tukuna."

Amsar da yayunta mata kan ba shi ce idan sun zo ganin gida. Ta ji ta, ta adana, ta ba ta wuri a ƙarshe, inda take ganin ya dace da ita. Wasan ma ashe tana so, a wurinsa dai take son sa.

Mai babur ne ya fara fashewa da dariya daga zaure, Inna ta bi, tana dariya tana share ido da bakin zane. Auta ta toshe kunnuwa. Kaka ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ta sauke hannuwanta, ta miƙe a hankali, ta tafi wajen randa ta sha ruwa, kamar ba abin da ya faru.

Kaka ya juya wajen da yake jin numfashin Kawu. Ya ce shi dai a karatunsa bai taɓa jin iskar da ke tsayawa ta gaishe da mutum har ta tambaye shi ibada ba. A sallami mai babur, a kwance kayan nan. Kawu bai yi musu ba. Ya tsaya yana kallon ɗiyarsa, ya daɗe. Sannan ya fita zaure, muka ji babur ya tashi ya tafi babu kowa a baya.

Tun daga ranar ba ta fasa ba. Akwai safiyar da Kaka ya kauce, akwai wadda ita ce ba ta jin yin magana, amma ihun ƙofar ɗakinsa ya ƙare. Har yanzu ba ta kallon idon mutum, har yanzu injin niƙa yana tayar mata da hankali. Bayan sati biyu Kaka ya tambaye ta da bakinsa ko zai taɓa kanta, ta ce a'a, ya ce to. Matan unguwa wasu suka ce addu'ar tsohon ce ta ci, wasu suka ce iskar ce ta gaji. Inna takan ɗauko zanen likita daga ƙarƙashin katifa ta nuna wa duk wadda ta tsaya saurare.

Akwai makarantar firamare jikin tamu, katanga ɗaya ta raba. Na riƙa leƙa ajin 'yan shekara bakwai idan an fita hutun tara. Na ga akwai benci a can baya, jikin bango, nesa da taga da hayaniyar titi. Na gaya wa malamar kimiyya, ta ce za ta yi magana da malamar ajin, amma sai uban yarinya ya yarda.

Da Kawu babu wasa tsakaninmu, babu wani izini da zan fake da shi. Na same shi wata yamma a zaure yana ɗinke bakin buhu da babbar allura. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwa ta ƙare ban tashi ba. Ya ɗago ya ce lafiya dai. Sai na faɗa.

"Kawu, don Allah ka bar Auta ta bi ni makaranta ranar Litinin. Ni zan kai ta, ni zan dawo da ita."